Daga Toka Zuwa Takarda: Nauyin da ke Kan Ɗalibin Babban Digiri a Binciken Musabbabin Gobara da Fashewa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi aikin ɗalibin digiri na biyu da na uku wanda ya zaɓi binciken ƙwaƙwaf kan musabbabin gobara da fashewa. Ta bi tarihin fagen a Amurka da Birtaniya, musamman Amurka, inda aka shafe shekaru ana ɗaure mutane bisa wasu alamomi da masu bincike suka gada daga magabatansu, har ranar da gwaji ya nuna yawancin alamomin ba su da tushe. Daga nan ta tattauna yadda ake zaɓen matsalar bincike, da kula da samfur, da rubuta sakamako. Matsayin takardar shi ne, alama ba ta zama hujja sai an gwada ta, kuma kundin da ya ce ba a gano musabbabi ba, ya kawo dalilinsa, ya fi daraja a kan wanda ya cike gurbi da zato. Ta rufe da gobarar kasuwanninmu da makarantunmu, waɗanda ke jiran irin wannan bincike.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa washegarin gobara ya san abin da kunne ke ji. Kafin hayaƙi ya gama lafawa an riga an yanke hukunci. Wani ya ce wuta aka kawo da ƙarfi cikin dare. Wani ya ce mai shayi ne ya bar risho a kunne. Wani kuma ya rage murya ya ce ai mai shagon ne da kansa, bashi ya yi masa katutu, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Manya su zo su jajanta, a ce an kafa kwamiti. Bayan kwana biyu katafila ta shigo ta kwashe baraguzai, shaidar da za ta raba gardama ta tafi juji tare da su.

Binciken ƙwaƙwaf kan gobara da fashewa tambayoyi biyu yake amsawa, kuma a jere: a ina wutar ta fara, sannan me ya tayar da ita. Wanda ya kuskure ta farko ba shi da hanyar dacewa da ta biyu, domin zai je yana tonon toka a kusurwar da ba nan abin ya faru ba, kuma duk kusurwar da ya tona sai ya sami wata waya ko wani soket da zai ɗora wa laifi. Fagen yana da wahalar da sauran rassan binciken laifuka ba su da ita. Wuta tana cinye shaidar kanta, abin da ta rage ruwan 'yan kwana-kwana ya wanke, ƙafafun masu kawo ɗauki su tattake saura. Sannan a shari'ar kisa ko fashi kowa ya yarda an yi laifi, mai laifin kawai ake nema. A gobara kuwa, alƙalamin mai bincike ne ke mayar da tsautsayi laifi. Da zarar ya rubuta cewa da gangan aka sa wutar, sai idon 'yan sanda ya koma kan wanda ya fita daga gidan da ransa.

A matsayin ilimin jami'a fagen ba tsoho ba ne. Paul Kirk ya fitar da littafinsa kan binciken gobara a 1969. Jami'ar Edinbara ta fara koyar da injiniyancin kariya daga gobara a shekarun 1970 ƙarƙashin David Rasbash, kuma a can Dougal Drysdale ya rubuta littafinsa na 1985 kan yadda wuta ke tashi da yaɗuwa, wanda har yau ɗalibai ke farawa da shi. Amma abin da ake koyarwa a aji ya daɗe bai isa wurin masu shiga kango suna rubuta rahoto ba, kuma a cikin wannan tazara ce aka yi ɓarnar da zan fara da ita.

2.0 Alamomin gado da yadda gwaji ya rushe su

Ranar 23 ga Disamba, 1991, gobara ta tashi a wani gida a garin Corsicana na jihar Teksas a Amurka, ta kashe yara mata uku, 'yar shekara biyu da tagwaye 'yan shekara ɗaya. Mahaifinsu, Cameron Todd Willingham, ya tsira. Masu bincike suka shiga gidan suka lissafa alamomi kimanin 20 da suka ce suna nuna an zuba wani abu mai kama wuta: tabon ƙuna a daɓe mai siffar ruwan da aka kwara, gilashin taga da ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, ƙuna a ƙarƙashin gado da dokin ƙofa. A cikin samfuran da aka kai ɗakin gwaje-gwaje, na bakin ƙofar gaba ne kaɗai aka sami burbushin mai a jikinsa, kuma a barandar nan iyalin ke ajiye murhun gasa nama da man kunna gawayi. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 1992. Ana gab da zartarwa, masanin sinadarai Gerald Hurst ya duba takardun shari'ar ya rubuta cewa babu alama ko ɗaya a cikinsu da kimiyya ta yarda tana nuna ƙonawa da gangan. An kashe Willingham ranar 17 ga Fabrairu, 2004. A 2009 Craig Beyler, wanda hukumar kimiyyar binciken laifuka ta jihar ta ɗauka ya sake duba lamarin, ya kai ga matsaya irin ta Hurst.

Waɗannan alamomi ba ƙirƙirar mutum ɗaya ba ne. Yawancin masu binciken gobara na wancan zamani tsofaffin 'yan kwana-kwana ne ko 'yan sanda, kuma sun koyi aikin kamar yadda yaro ke koyon sana'a a gaban maigidansa. Babba ya nuna tabo a ƙasa ya ce wannan fetur ne, ƙarami ya haddace, bayan shekara ashirin shi ma ya nuna wa na bayansa. Daga baki alamomin suka shiga littattafan horaswa, daga littattafai suka shiga kotu. Tunanin da ke ƙarƙashinsu ma mai shiga hankali ne. Wuta sama take yi, to idan daɓe ya ƙone ai sai dai wani abu mai kwarara aka zuba. Gilashi ya tsattsage, ai zafi ne ya hau da sauri irin na fetur. Abin da ba a yi ba shi ne a sami ɗaki a sa masa wuta babu fetur, a ga ko alamomin za su fito.

An yi hakan a birnin Jacksonville na jihar Fulorida. A Oktoban 1990 gobara ta kashe mutum shida a wani gida a titin Lime, aka tuhumi wani da ya tsira, wanda ya dage cewa daga kujerar falo wutar ta tashi bisa tsautsayi. Masu gabatar da ƙara suka ɗauko John Lentini da John DeHaan. A maƙwabta akwai wani gida da aka yi watsi da shi, ginin iri ɗaya. Aka zuba masa kaya irin na gidan da ya ƙone, aka kunna wa kujera wuta ba tare da ɗigon mai ba. Cikin ƙasa da minti biyar falon ya kama gaba ɗaya. Da aka kashe wutar aka shiga, sai ga tabon daɓe da ƙunar ƙasa-ƙasa, irin waɗanda aka ce fetur kaɗai ke haifarwa. Aka janye tuhumar. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne, Lentini ɓangaren masu ƙara ya zo yi wa shaida, gwajin ya ƙaryata shi, ya karɓa, kuma ya shafe sauran rayuwar aikinsa yana faɗa wa duniya.

Abin da ya faru a falon nan shi zan kira kamun-bai-ɗaya. Idan wuta tana ci a cikin ɗaki, hayaƙi mai zafi yana taruwa ƙarƙashin rufi yana kauri yana saukowa. Da zafinsa ya kai digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas, hucinsa yana dukan duk abin da ke ƙasa, sai kafet da kujeru da daɓen katako su kama cikin 'yan daƙiƙu, ko da harshen wutar farko bai taɓa su ba. Daga wannan lokaci maganar wuta sama take yi ta ƙare. Ƙasa na ci, ƙarƙashin gado na ci, kuma tabon da za a tarar ba shi da wata siffa da ido zai bambanta da ta fetur.

Maganar gilashi kuma gobarar tuddan Oakland a Kalifoniya ce ta warware ta. A Oktoban 1991 wutar daji ta ci gidaje kusan 3,000 a can. Lentini da abokan aikinsa suka duba 50 daga ciki, gidajen da kowa ya san ba wanda ya zuba musu mai, suka tarar da alamomin gado birjik. Gwajin da suka yi daga baya ya nuna saƙar gizo-gizon nan sanyayawa cikin sauri ke kawo ta, wato ruwan da aka fesa wa gilashi mai zafi. Alamar da ake ɗaure mutane da ita, aikin mesar 'yan kwana-kwana ce.

Ko gano mafarin wutar, wanda shi ne ginshiƙin komai, bai tsira ba. A 2005 a Las Vegas, Steven Carman na hukumar ATF ta Amurka da abokansa suka shirya ɗakuna biyu kamar ɗakin kwana, suka ƙona kowanne, suka bar shi yana ci kimanin minti biyu bayan kamun-bai-ɗaya. Aka ce wa masu bincike 53 su nuna a wane kashi cikin kashi huɗu na ɗakin wutar ta fara. Mutum uku ne suka dace a ɗakin farko, uku a na biyu. Da canke suka yi ido rufe, da kusan kashi 25 cikin 100 sun dace. Dalilin shi ne sun bi ƙa'idar gado mai cewa inda ƙuna ta fi zurfi nan ne mafari, alhali bayan ɗaki ya kama gaba ɗaya, wuta ta fi ci a hanyar da iska ke shigowa daga ƙofa ko taga, ko da mafarin yana can wata kusurwa.

3.0 Abin da ya sauya, da darasinsa ga babin bita

A 1992 ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka ta fitar da jagorar binciken gobara da fashewa da aka sani da NFPA 921, wadda ta ɗora aikin kan tafarkin kimiyya: tattara bayanai, ƙulla hasashe, sannan ƙoƙarin rushe shi. Tsofaffin hannu da yawa sun yi mata turjiya. Hukuncin kotun ƙolin Amurka a shari'ar Daubert a 1993 ya ɗora wa alƙali nauyin tantance ko hanyar da ƙwararre ya bi gwadaddiya ce kafin a saurare shi. A 2009 cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya nuna raunin tushen rassa da dama na binciken laifuka. Bugun jagorar na 2011 ya yi watsi da wata tsohuwar dabara, ta cewa tunda ban ga lantarki ba, ban ga risho ba, to mutum ne ya sa wutar. Rashin ganin musabbabi ba ya zama shaidar wani musabbabin. Sauyin ya buɗe wa wasu ƙofar kurkuku, kamar Han Tak Lee na Pennsylvania da ya fito a 2014 bayan shekara 24.

Ga ɗalibi, wannan tarihi yana nufin babin bitar ayyukan da suka gabata ba wurin jera sunaye da shekaru ba ne. Duk da'awar da ya karanta game da alamar ƙuna, ya bi sawunta har gindi: wane gwaji aka yi, ɗaki nawa aka ƙona, da waɗanne kaya, an kai kamun-bai-ɗaya ko ba a kai ba? Sau da yawa zai tarar littafi ya jingina da littafi, wancan ya jingina da wani, na ƙarshe kuma da maganar wani tsohon ma'aikaci. Idan ya gano haka ya rubuta shi, ya riga ya ƙara wa ilimi wani abu tun kafin ya kunna ashana.

4.0 Zaɓen matsala da hanyar bincike

Akwai wata hanya mai sauƙi da ke jan ɗalibai, kuma ina ganin lokaci ya yi da masu duba aiki za su daina sa mata hannu. Ɗalibi ya raba wa 'yan kasuwa takardun tambayoyi, ya tambaye su me ke jawo gobara, ya haɗa jadawali ya ce kaso kaza cikin ɗari sun ce lantarki ne, sannan a babin ƙarshe ya rubuta cewa bincike ya gano lantarki ne babban musabbabi. Abin da ya auna shi ne abin da mutane suka yarda da shi. Wannan aiki ne mai amfani ga masanin halayyar jama'a, amma bai taɓa wutar ba.

Gobarar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross a Landan, ranar 18 ga Nuwamba, 1987, ta nuna yadda tambaya mai kyau take. Ashana ce ta faɗa ƙarƙashin matakala mai tafiya da kanta, ta katako, inda maiƙo da datti suka taru. Waɗanda suka ga wutar da farko ƙarama suka gani, sai kwatsam ta yi tsiri ta cika zauren sayar da tikiti, mutum 31 suka mutu. Zato ya fara tafiya kan fentin rufi. Masana a Harwell suka kwaikwayi wutar a kwamfuta, sai lissafin ya nuna harshenta yana kwanciya a cikin kwarin matakalar mai gangaren digiri 30, yana gasa katakon da ke gabansa, maimakon ya miƙe sama. Sakamakon ya saɓa wa abin da kowa ya sani, don haka ba a karɓe shi haka kawai ba. Aka gina matakala mai girman kashi ɗaya cikin uku a Buxton aka ƙona ta, wutar ta kwanta kamar yadda lissafi ya faɗa. Haka aka gano wani hali na wuta da ba a san shi ba. Ɗalibin da ke amfani da manhajar kwaikwayon gobara irin FDS, wadda cibiyar NIST ta Amurka ta fitar a 2000 kuma kyauta ce, ya riƙe wannan tsari. Hoton kwamfuta mai launi yana burge masu jarrabawa, amma abin da aka zuba wa manhaja shi take mayarwa, kuma sai an gwama sakamakonta da wuta ta gaske yake samun nauyi.

Ba kullum ake buƙatar kayan miliyoyi ba. Ranar 4 ga Agusta, 2020, tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitret da aka jibge shekaru a tashar jiragen ruwa ta Bairut ya fashe, ya kashe mutum fiye da 200. Injiniyoyin Jami'ar Sheffield ƙarƙashin Sam Rigby suka tattara bidiyo 16 da jama'a suka ɗauka da wayoyinsu, suka gano inda kowane mai ɗauka yake tsaye, suka auna lokacin da bugun iskar ya isa wurinsa, suka ƙiyasta ƙarfin fashewar da tan 500 na nakiyar TNT, iyakarsa ta sama kuma kimanin tan 1,100. A lura sun ba da tazara, sun kuma bayyana daga ina tazarar ta fito.

A binciken fashewa tambayar farko ita ce wace iri ce. Nakiya tana ƙuna da gudun da ya wuce na sauti, tana farfasa abin da ke kusa da ita ƙanana-ƙanana, sau da yawa ta bar rami. Iskar gas da ta cika ɗaki takan ƙone ƙasa da gudun sauti, ta ture bango da rufi waje manya-manya, babu rami. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi lambatu, ya kama wuta nesa da inda ya tsiyaye, saboda haka wurin da aka ji ƙara ba lallai ne ya zama wurin yoyo ba.

Sai maganar samfur, inda kundaye da yawa ke mutuwa ba a sani ba. Fetur yana tsiyayewa ya bi iska, ledar da muka saba da ita ba ta riƙe tururinsa. Gwangwanin ƙarfe sabo mai murfi ake so, ko jakar nailan ta musamman. Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa suna cinye burbushin mai, don haka samfurin ƙasa sai a daskarar da shi. Na'urar GC-MS, mai rarrabe tururi ta tantance sinadaran da ke cikinsa, ita ke bayyana ko akwai mai, amma roba da kafet da soso idan sun ƙone suna fitar da wasu sinadarai da ake samu a fetur, shi ya sa ake ɗaukar samfurin gwamawa daga inda ba a zargi. Kuma kowane hannu da samfur ya bi, da rana da sa'a, sai an rubuta.

5.0 Rubutu

Rahoton gobara lauya ne zai karanta shi yana neman ɓaraka, alƙali ya karanta shi yana neman abin dogaro, kuma akwai wani bawan Allah da makomarsa ke rataye a jimlolinsa. A Najeriya sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararre a kan al'amarin kimiyya. Ɗalibin da muke horarwa yau, gobe shi ne wannan ƙwararren.

Abu na farko da nake so ya saba da shi shi ne raba abin da ya gani da abin da ya fahimta daga gani. Idan ya rubuta cewa an tarar da tabon zuba mai a tsakar ɗaki, ya riga ya cusa hukunci a cikin bayani. Ya rubuta cewa akwai ƙuna marar daidaitacciyar siffa, tsawonta kaza, faɗinta kaza, nisanta daga ƙofa kaza, ga hotonta. Fassara ta zo a sashenta, tare da duk sauran abubuwan da za su iya haifar da irin wannan ƙuna da dalilin da ya sa aka kore kowannensu, ko aka kasa korewa.

Na biyu, kalmomin yaƙini. Jagorar NFPA 921 ta bambanta mai rinjaye, wato abin da yiwuwarsa ta haura rabi, da mai yiwuwa kawai. Hausa tana da arzikin wannan bambanci: tabbas, galibi, mai yiwuwa, da wuya. Ɗalibi ya zaɓi ma'anar kowacce tun a babin farko ya tsaya a kanta. Idan hasashe biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, babu wanda shaida ta kayar, amsar ita ce ba a gano musabbabi ba. Na san nauyin rubuta wannan jimla bayan shekara biyu ko huɗu ana aiki, ga masu jarrabawar baka suna jiran a nuna musu abin da aka gano. Amma ita ce jimlar da ta ɓace daga rahoton Corsicana.

Na uku, tsare kai daga labarin gari. A 2006 Itiel Dror da abokansa suka mayar wa ƙwararrun zanen yatsa biyar zanen da su da kansu suka taɓa cewa ya dace, amma aka haɗa musu da labarin da ke nuna bai dace ba. Huɗu suka sauya matsayinsu. Idan haka ta faru a zanen yatsa, ina ga tabon ƙuna da ya fi shi buɗaɗɗiyar fassara? Wanda aka raɗa wa cewa mai shago ya yi inshora makon jiya, idonsa zai ga fetur a kowane tabo. Kundin kirki yana faɗin abin da mai bincike ya ji, da lokacin da ya ji shi, kafin ya shiga kango ko bayan ya fito. Hotunan mamata da sunayen waɗanda ba a tuhuma ba kuwa amana ce, ba su da gurbi a rataye.

6.0 Abin da ke jiranmu a gida

Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002. Kasuwar Sabon Gari a Kano ta yi asarar dubban shaguna a Maris na 2016. A Afrilun 2021 yara aƙalla 20 suka mutu a azuzuwan zana a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma aƙalla 25 a Maraɗi. Ranar 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. Muna cewa ƙaddara, kuma gaskiya ne, amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana bin sababi ba.

A ganina, kalmar lantarki ta zama mana abin da saƙar gizo-gizo ta zama wa Amurkawa. Ana ɗaga waya mai dunƙulen narkakken jan ƙarfe a bakinta a ce ga musabbabi. Jan ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,085, kuma tartsatsin lantarki yana iya barin irin wannan dunƙule. Sai dai wutar da ta taso daga wani wuri, idan ta cinye robar waya mai ɗauke da lantarki, ita ma tana haifar da tartsatsin da dunƙulen. Ido ba ya raba wanda ya jawo gobara da wanda gobara ta jawo. Haka samun fetur a shagon da ke da janareto da galan a bayan ƙofa bai nuna mugun nufi ba.

Gwaje-gwajen ɗaki da na ambata a ɗakunan Amurka aka yi su, masu bangon allo da kafet. Namu shagon bulo ne da rufin kwano, da silin na roba, da ƙofar ƙarfe a garƙame, cike da atamfa ko katifar soso ko leda har rufi, ga rumfunan katako sun haɗe layi da layi, ga iskar hunturu. Minti nawa irin wannan shago ke ɗauka kafin kamun-bai-ɗaya? Wane tabo wuta ke bari a jikin bulo da kwano? Da wane sauri take gudu a jikin zana busasshiya, kuma ƙofa nawa aji ke buƙata? Kalanzir na gari sai ya kai kimanin digiri 38 yake fitar da tururin da zai kama, fetur kuwa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri yana fitarwa. To fetur nawa ne idan ya gauraya da kalanzir yake mayar da fitila ko risho abin fashewa a zafin Sakkwato? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundin digiri, kuma wasunsu bulo da kwano da ma'aunin zafi da kyamarar waya sun wadatar, muddin 'yan kwana-kwana suna tsaye da motarsu a wurin gwajin.

Don haka ina roƙon malamaina shugabannin sassan kimiyyar sinadarai da injiniyanci da shari'a su haɗa hannu su ba ɗalibi ɗaya ko biyu fili a bayan jami'a, a gina shago irin na kasuwa a ƙona shi a auna. Ina roƙon hukumomin kashe gobara da shugabannin kasuwanni su killace wurin da wuta ta ci, su dakatar da katafila har a ɗauki hoto da samfur. Masu jarrabawa kuma, idan ɗalibi ya zo gabanku ya ce ya bi duk hanyoyin bai gano musabbabi ba, ya kuma nuna muku dalilinsa shafi bayan shafi, don Allah ku ba shi digirinsa.